Sunan Wa Ka Rubuta a Fom Ɗin Nan?

Kwana uku da kai yayana makwancinsa, bayan masu zaman makoki sun watse, matarsa ta aiko autansu ya kira ni cikin gida. Na same ta zaune a kan tabarma cikin hijabi, carbi a hannu. Ta turo mini wata baƙar jaka mai zif, irin wadda ma'aikata ke ratayawa, ta ce, "Baffansu, duba ko akwai abin da ya shafi yaran nan. Ni tun da nake gidan nan ban taɓa buɗe ta ba."

Na zazzage ta a gabanta. Akwai takardar ɗaukarsa aiki a wata masana'anta da ke Sharaɗa a Kano, ta shekarar 2006, har ta fara cinyewa ta wajen ninki. Akwai rasit na wani fili, da katin asibiti, da hotunan fasfo na yaran da aka ɗaure da roba. Can ƙasa kuma ga wata takarda mai kauri da tambarin kamfanin inshora, sunan babbar 'yarsa a rubuce a shafin farko. Ni da muka tashi ɗaki ɗaya da shi, ban taɓa jin ya ambaci inshora ba. Ita ma da suka shekara goma sha ɗaya tare, ba ta taɓa ji ba. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

A shekarar 2019 aka yi wannan. Abin da ya biyo baya ya ci mana wata goma sha huɗu, kuma duk wahalar ta taso ne daga abu biyu ƙanana: sunan da ya rubuta a wani fom yana saurayi, da zubin da ya tsaya bai sani ba.

Mu fara da kuɗin wurin aiki, domin shi ne ya shafi mutane da yawa ba tare da sun sani ba. Dokar gyaran fansho da aka yi a 2004, zamanin Shugaba Obasanjo, wadda aka sake fasalinta a 2014, ta ɗora wa duk mai ɗaukar ma'aikata da dokar ta shafa nauyin yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar rai. Abin da za a biya in ma'aikaci ya rasu yana bakin aiki kada ya gaza ninki uku na dukkan albashinsa na shekara. Wato wanda yake ɗaukar naira 100,000 a wata, naira miliyan 1.2 ke nan a shekara, iyalinsa na da haƙƙin aƙalla naira miliyan 3.6. Mai aikin ne ke biyan zubin daga aljihunsa, ba a cire wa ma'aikaci ko sisi. Shi ya sa da yawa ba su san da ita ba, tunda ba sa ganin an zaftare musu komai a takardar albashi. Dokar ta kuma ce in mai aiki ya ƙi yi ko ya yi sakaci, sai ma'aikaci ya rasu a wannan tsakanin, shi zai biya iyalan da kansa. Har wanda ya ɓace ma an yi masa tanadi: in aka shekara ba a gan shi ba, kuma kwamitin binciken da hukumar fansho ta PenCom ta kafa ya gamsu cewa za a iya ɗaukarsa a matsayin mamaci, sai a biya kamar ya rasu. A wannan zamani na sace-sacen mutane a hanya, wannan sashe ya kamata kowa ya san da shi.

Na je masana'antar da ƙwarin gwiwata, saboda na san sunana Yaya ya sa a gurbin ɗan'uwa na kusa. Jami'in kula da ma'aikata ya yi mini ta'aziyya, ya sa aka ɗauko fayil, ya buɗe, ya yi shiru. Sannan ya juyo mini da shi, ya ɗora biro a kan wani layi.

"Malam, kai ne wanda za a kira in wani abu ya faru. To an kira ka. Amma wanda za a biya, ga shi nan."

Na duba, sai na ga sunan mahaifinmu da rubutun Yaya, irin rubutunsa mai kwanciya gefe. Baba kuwa ya rasu tun 2015. Na ce, "Yallabai, ai wannan shekararsa huɗu a ƙasa." Ya ce, "Allah Ya ji ƙansa. Amma marigayin bai zo ya canza ba."

Nan na fara gane abin da yawancinmu muke cakuɗawa. A fom ɗin aiki ko na banki, gurbin ɗan'uwa na kusa daban, gurbin wanda zai ci gajiyar inshora daban. Mu kuwa duka biyun mukan kira su da kalma ɗaya, magaji, sai mutum ya ɗauka da zarar sunansa ya shiga gurbin farko dukiya ta zama tasa. Gurbin farko ba ya ba mutum gado, ba ya ba shi ikon karɓar kuɗi. Aikinsa a same shi a waya a gaya masa abin da ya faru. Na biyun shi ne mai nauyi. A dokar 2004 kuɗin inshorar mamaci asusun fanshonsa ake zubawa, amma tun da aka yi ta 2014, sashe na 8 ya ce kamfanin inshora ya biya wanda aka ambata da suna kai tsaye. An yi haka ne don a rage wa iyalai yawon kotu. Sai dai sauƙin yana aiki ne in sunan da ke takarda na mai rai ne, kuma wanda ake nufi.

Yaya bai yi laifi ba da ya sa sunan Baba. A 2006 ba shi da mata, ba shi da ɗa, wa zai sa in ba mahaifinsa ba? Abin da ya faru shi ne rayuwa ta yi gaba, takarda ta tsaya inda take. Ya yi aure a 2008, ya haifi 'ya'ya biyar, ya binne mahaifinsa, duk fom yana kwance a kabad. Kamfanin inshora ba ya zuwa ɗaurin aure, ba a kai masa goron suna, ba ya jin sanarwar rasuwa a rediyo. Abin da ka rubuta masa shi ya sani.

Da wanda aka ambata ya riga mai inshora rasuwa, kuma babu na biyu da aka ajiye a bayansa, sai aka ce mu kawo takardar kotu mai ba da izinin kula da dukiyar mamaci. Wanda bai taɓa neman wannan takarda ba, ba zai san abin da ake nufi da jeka-ka-dawo ba. Sai da muka nemo shaidar rasuwa ta asibiti, da ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da masu tsaya mana, aka buga sanarwa, aka jira ko wani zai fito ya yi jayayya, aka biya kuɗin kotu. Mu ma mun ci sa'a a asibiti ya cika. Wanda ya rasu a gida da asuba aka sallace shi da hantsi, kamar yadda muka saba kuma addini ya koyar, sau da yawa babu likitan da ya gan shi, sai iyalansa su dawo suna neman takarda bayan wata da watanni. Ina ba duk wanda aka yi wa rasuwa shawara, a cikin makon farko a wakilta mutum ɗaya mai natsuwa ya bi maganar takardun nan, ko da za a ce ya cika son duniya. Matar Yaya ta shiga takaba ta fita, wata huɗu da kwana goma, ko kwabo bai fito ba. Zangon karatu biyu yaran suka yi a kan bashi da taimakon dangi.

Tun daga lokacin nake kasa kunne, kuma na ji iri-iri. Wani ya sa sunan uwargidansa suna amarci, daga baya suka rabu, ta yi wani auren a wani gari, ya rasu sunanta na nan daram. Wani ya sa ƙaninsa saboda shi ne ɗan boko a gidan, kuɗi suka faɗa asusun ƙanin, zumunci ya lalace har yau. Wani ya sa sunan ɗansa ɗan shekara shida, bai san kamfani ba ya danƙa wa ƙaramin yaro kuɗi ba, sai an sami amintaccen da aka naɗa ko wanda kotu ta yarda da shi. Akwai kuma matsalar da ta fi kama mu Hausawa, ta suna. Matar da duk unguwa ta sani da Binta, a katin ɗan ƙasa Fatima ce. Indo A'isha ce. Wadda ake kira Ladi ko Asabe ko Talatu, sunan rana ne, na yanka yana can a takarda. Miji ya rubuta wanda bakinsa ya saba da shi, ranar biya kwamfuta ta ce ba ta san wannan ba, sai an koma rantsuwa a kotu. Sunan da ke jikin lambar NIN da asusun banki, harafi da harafi, shi za a rubuta, tare da ranar haihuwa da lambar waya mai aiki.

Yawancin fom suna ba da dama a rubuta mutum fiye da ɗaya, a raba musu kashi-kashi, muddin jimilla ta cika ɗari. Suna kuma ba da dama a ajiye na biyu, wanda za a koma kansa in na farko ya riga ka tafiya. Canza suna ba wani aiki ba ne: fom ɗaya ne, ka cike, ka sa hannu, ka karɓi kwafi mai hatimi. Da Yaya ya yi wannan, da aikin wata goma sha huɗu bai wuce na 'yan makonni ba.

Na san tambayar da ke ran mai karatu Musulmi, domin ni ma ita ta fara zo mini: to ina maganar gado? A rabon gadon Yaya, matarsa tumuni take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas, tunda akwai 'ya'ya. Innarmu tana raye, tana da sudusi, ɗaya cikin shida. Sauran na 'ya'ya ne, namiji rabon mata biyu. Ni da ake ta kira magaji ba ni da ko anini, domin ɗa namiji yana katange ɗan'uwa. Wasiyya kuma ba ta wuce sulusin dukiya, ba a kuma yi wa mai gado ita sai da yardar sauran magada. To in mutum ya rubuta sunan matarsa ita kaɗai, kuɗin nata ne, ko amana ce aka ba ta ta kai wa masu rabon gado?

Malamai sun yi saɓani a nan. Wasu suna ganin duk abin da ya fito dalilin mutuwar mutum, kuma ya samo asali daga dukiyarsa ko aikinsa, gado ne, wanda aka ambata ɗan aike ne kawai. Wasu suna ganin abin da ya fito daga asusun taimakon juna, ko daga zubin da mai aiki ya biya, bai taɓa shiga mallakar mamacin yana raye ba, saboda haka kyauta ce ga wanda aka ambata. A Malesiya dokar da suka yi a 2013 ta warware abin tun daga fom: mai shiga takaful, wato inshorar Musulunci, zai zaɓa, ko wanda ya ambata wasiyyi ne da zai karɓa ya raba bisa gado, ko kuwa kyauta ce ya yi masa wadda za ta tabbata bayan mutuwarsa. Ni ba malami ba ne, ba zan yanke hukunci ba. Abin da na gani da idona shi ne, kamfani zai biya sunan da ke takarda ya rufe fayil, rigimar kuwa a tsakar gida za a yi ta. Don haka mutum ya tambayi malamin da ya amince da shi tun yana da ƙafarsa, ya rubuta nufinsa a fili, ya sa shaidu biyu, ya gaya wa wanda ya ambata ko na mene ne.

Masu ƙyamar inshora gaba ɗaya suna da hujjarsu, kuma ba yau aka fara ba. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci da aka saba da ita tana da garari mai ɓata ciniki, ta kuma halatta ta taimakon juna. Tun kafin nan, a 1979, aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan. A Nijeriya hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi a 2016, wasu suka biyo baya. A takaful na iyali zubinka kashi biyu ake yi masa: ɗaya ajiyarka ce da ake juyawa ta hanyar halal, ɗaya kuma gudummawa ce ga asusun da ake tallafa wa iyalan wanda ya rasu a cikin masu zubi. Amma takaful ma fom gare shi, shi ma zubi gare shi. Duk abin da ya ci Doma a can, ba zai bar Awai a nan ba.

Sai takarda mai kauri, wadda ta fi ci mini rai. Tanadin karatu ne Yaya ya buɗe wa babbar 'yarsa a 2016, yana zuba naira 10,000 duk wata, na shekara goma. Sharaɗin da ke ciki mai kyau ne: in ya rasu kafin wa'adi, kamfani zai ɗauke zubin da ya rage, ya biya yarinyar cikakken kuɗin lokacin da za ta shiga jami'a. Ya ba bankinsa umarni a riƙa cirewa daga asusun albashinsa. A farkon 2018 masana'antarsu ta mayar da biyan albashi wani bankin. Albashi ya koma sabon asusu, umarnin cirewa ya zauna a tsohon da babu komai a ciki. Kamfanin inshorar ya nuna mana jerin saƙonnin tunatarwa da ya tura, duk zuwa wani layin da Yaya ya daina amfani da shi tun da aka sace masa waya. Na tabbata har ya koma ga Mahaliccinsa yana ganin ya yi wa 'yarsa tanadi.

Matar da ta yi mana bayani a ofishin ta yi mana mutunci, har ruwa ta sa aka kawo. Amma amsar ɗaya ce: kariyar ta faɗi tun fiye da shekara guda kafin rasuwarsa. Aka dawo mana da ɗan abin da ya rage na ajiyarsa bayan an cire kuɗaɗen hidima. Alƙawarin ɗauke zubi da biyan cikakken kuɗi kuwa ya tafi.

Na fito ina jin haushinsu, amma da na karanta takardar a tsanake na ga komai a rubuce yake. Inshora kamar adashi take, wanda ya daina zubi ba ya tsammanin kwasa. Dokar inshora ta 2003 ta faɗa a sashe na 50 cewa babu kariya sai an biya zubi tukuna, NAICOM kuma ta fara tsananta aiki da wannan daga Janairun 2013. An yi sabuwar dokar inshora a 2025, amma har gobe ba kamfanin da zai ɗauki nauyin ran da ba a biya masa zubi ba. Abin da ake bayarwa shi ne ɗan lokacin rangwame bayan ranar biya ta wuce, galibi kwana talatin. Wanda ya rasu a cikin waɗannan kwanaki za a biya iyalansa, a cire zubin da ake binsa. In suka wuce, kariya ta faɗi. Irin inshorar da ba ta da ajiya, wadda ake saya don wasu shekaru kawai, ita in ta faɗi babu abin da ke dawowa. Mai ajiya a ciki takan tara ɗan abin da za a iya karɓa, amma sai an yi shekara biyu ko uku ana zubi, kuma a shekarun farko kaɗan ne ƙwarai, saboda daga nan ake cire ladan dillali da kuɗin buɗe fayil.

Faɗuwar kariya ba ita ce ƙarshen magana ba in mutum yana raye. Yawancin kamfanoni suna yarda a farfaɗo da ita cikin wani wa'adi, a biya bashin da ya taru, a amsa tambayoyi kan lafiya, wani lokaci a je gwaji. Wanda kuma aljihunsa ya yi zafi, kamar yadda ya yi wa kowa a 2024 da hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kada ya yi shiru ya ɓace. Ya je ya ce ba zai iya ba. Ana iya rage yawan kuɗin da aka yi alƙawari don zubin ya sauko, wata takardar ma ana iya tsayar da zubinta a bar mutum da ƙaramar kariya daidai abin da ya riga ya tara. Mai sana'ar da kuɗinsa ke zuwa lokaci guda, kamar manomi da kaka, ya nemi a mayar masa da zubin na shekara-shekara, wanda sau da yawa ya fi na wata-wata rahusa.

Abu ɗaya da ba na sassauci a kansa shi ne miƙa wa dillali tsabar kuɗi a hannu. Ko ɗan unguwarku ne, ko sahu ɗaya kuke sallah, a asusun kamfani za ka zuba, ka karɓi rasit mai sunan kamfani da lambar takardarka. Ranar da za a nemi hujja ba ka nan balle ka ce ai na ba wane. Haka nan wajen cike fom, a faɗi shekarun gaskiya, a faɗi hawan jini ko ciwon suga in akwai. Zubin zai ɗan ƙaru, amma ɓoyewa tana ba kamfani ƙofar ƙin biya. In kuwa an cika komai kamfani ya tsaya jan ƙafa, NAICOM tana da sashen karɓar koke, ita ma PenCom tana sauraron ƙorafi kan inshorar ma'aikata.

Na daɗe ina tunanin abin da ya hana Yaya gaya wa matarsa. Ba rowa ba ce, mutum ne mai sakin hannu. Ina jin kunya ce irin tamu, da kuma gudun kada a ce yana kiran mutuwa, ko a ce ya rasa tawakkali. Alhali mu ne mutanen da ke sayen likkafani su ajiye a ƙasan akwati, mu ne ake karanta mana muhimmancin rubuta wasiyya a kan mumbari. Wanda ya iya gaya wa iyalinsa inda likkafaninsa yake, zai iya gaya musu inda takardar inshorarsa take, da sunan kamfanin, da ranar da ake zubi. Da matar Yaya ta san da wannan tanadi, ita da ba ta mance ranar zubin adashinta, da ta tambaye shi tun watan farko da aka daina cirewa.

Kuɗin wurin aikin sun fito a ƙarshen 2020, aka raba su a gaban alƙali bisa gado, Inna ta ce a mayar da sudusinta kan karatun jikokinta. Babbar 'yar Yaya tana jami'a yanzu, da wannan kuɗi da abin da muke haɗawa.

Mai karatu, in kana aikin albashi, ranar Litinin ka shiga ofishin kula da ma'aikata ka ce a nuna maka shaidar inshorar rai ta bana, a kuma ɗauko maka fom ɗin da ka cike ranar da aka ɗauke ka aiki. Ka duba sunan da ke ciki da idonka. In kana da wata inshorar ko takaful ta ƙashin kanka, ka kira kamfanin ka tambayi watan ƙarshe da zubinka ya shiga, ka ba su lambar wayar da kake riƙe da ita yau. In ka koma gida da daddare, ka ɗauko jakar ka buɗe ta a gaban iyalinka.